Wanda Yake Sauka Inda Kowa Ke Neman Tashi

A makon jiya, bayan sallar isha'i, hira ta kai mu ga batun sojoji a majalisar unguwarmu, sai wani matashi mai ilimi, wanda nake ganin girman hankalinsa, ya ce shi a wurinsa sojan sama ɗan gata ne. Ya ce sojan ƙasa shi ke kwana a rami, shi sauro ke ci, shi ake yi wa kwanton ɓauna, amma matuƙin jirgi yana can sama, ya zo ya wuce, ya koma bariki ya yi wanka ya miƙe a katifa. Da wani ya tuna masa da jirgin sojan sama mai saukar ungulu da ya faɗi a Shiroro ta jihar Neja a 2023 yana ɗauke da masu rauni, sai ya ce, "To ai aikinsu ne, don haka ake biyansu."

Akwai wani dattijo a cikinmu, tsohon soja, wanda ba ya yawan sa baki a gardama. Ya ajiye kofin shayinsa, ya naɗe ƙafar wandonsa har gwiwa, ya nuna wani tabo mai faɗi a ƙwaurinsa, sannan ya ce, "Ɗana, Allah ya sa kada ka ga ranar da za ka kwanta a ƙasa jini yana zuba, kunnenka yana sama kana jiran ƙarar farfela." Bai ƙara ko kalma ba, matashin ma ya yi shiru, amma na ga alamar shirun ladabi ne, bai gamsu ba.

Maganar ta tsaya mini a rai, don na san ba shi kaɗai ke da wannan ra'ayi ba. Matsayina kuwa shi ne: matuƙin jirgi mai saukar ungulu da ke shiga tsakiyar wuta don ya kwaso sojojin da suka ji rauni yana nuna jarumtar da ba ta gaza ta kowane soja ba, kuma tana da wani nauyi na daban, domin sau da yawa yana da damar juyawa ya koma ba tare da kowa ya zarge shi ba, amma ya ƙi juyawa. Haƙƙinsa ne a san wannan, kuma haƙƙinsa ne sanin ya wuce yabon baki.

Abin da sauka ke nufi

Mai cewa matuƙi yana can sama ya manta da abin da ya bambanta wannan jirgi da sauran jirage. Jirgin yaƙi mai gudu yana jefa bam daga nesa ya wuce cikin ƙiftawar ido. Jirgi mai saukar ungulu da aka tura ɗauko mai rauni dole ne ya rage gudu, ya tsaya cak a iska, ya sauka a ƙasa, ya jira a ɗora mutane ɗaya bayan ɗaya. A waɗannan daƙiƙu babu abin da ya fi shi sauƙin hari a duk filin daga: ga girma, ga ƙara da ke sanar da zuwansa tun daga nesa, ga jiki na gwangwani mara kauri wanda harsashin bindiga ke hudawa, ga tankin mai a cikinsa.

Shi kuma matuƙin ba ya iya sunkuyawa, ba ya iya ramawa. Hannunsa ɗaya yana kan sandar da ke karkata jirgin, ɗayan yana kan wadda ke ɗaga shi da sauke shi, ƙafafunsa biyu suna kan takun da ke sarrafa ƙaramar farfelar wutsiya. Idan ya saki ɗaya, jirgin ya kuɓuce. Sojan ƙasa da aka buɗe wa wuta yana da rami, yana da bishiya, yana da bindigarsa. Matuƙin yana zaune ne a bayan gilashi, ɗaure da bel, yana kallon inda wutar ke fitowa, kuma aikinsa shi ne kada ya motsa har sai an gama lodi. Ga ƙurar da farfela ke tayarwa a busasshiyar ƙasa har ta rufe masa gani, ga zafin rana da ke rage wa injin ƙarfin ɗaukar nauyi, ta yadda ƙarin mutum ɗaya zai iya hana jirgin tashi.

Kwarin Ia Drang, 1965

Misalin da ya fi fito mini da wannan a fili ya faru ne a Biyetnam. A ranar 14 ga Nuwamba, 1965, an sauke bataliyar sojan Amurka mai kimanin mutum 450, ƙarƙashin Laftanar Kanar Hal Moore, a wani ɗan fili a gindin tsaunin Chu Pong cikin kwarin Ia Drang. Ba su daɗe ba suka gane cewa sun faɗa tsakiyar dakarun Biyetnam ta Arewa da suka ninka su yawa. Babu hanyar mota zuwa wurin. Ruwa, harsasai, magani, duk ta sama suke zuwa, masu rauni ma ta sama kawai za su fita.

Da wuta ta yi tsanani, Moore ya rufe filin, ya hana jirage sauka. Jiragen da aka keɓe don ɗaukar majinyata ma ba su shiga ba, saboda ƙa'idar da suke bi a lokacin ta ce sai harbi ya lafa a fili kafin a sauka. A nan ne Manjo Bruce Crandall, wanda aikinsa jigilar dakaru ne kawai, ya nemi masu sa kai. Kyaftin Ed Freeman ya bi shi. Jiragensu ƙirar Huey ba su ɗauke da manyan makamai. Suka riƙa shiga da harsasai da ruwa, suna fitowa da masu rauni, tun da rana har cikin dare. Crandall ya yi sawu 22 a wannan rana, yana canza jirgi idan harsasai suka lalata wanda yake ciki. Freeman ya yi sawu 14 na ceto, yana sauka a wani ɗan wuri da bai wuce mita 100 zuwa 200 daga inda ake fafatawa ba. Tsakaninsu sun fitar da masu rauni kimanin 70.

Abin da nake so mai karatu ya tsaya a kansa shi ne yawan sawun. Mutum yana iya shiga wuta sau ɗaya cikin zafin zuciya, bai san abin da ke ciki ba. Amma wanda ya shiga, ya ga an harbi mutanen da ke bayansa a cikin jirgi, ya fito, ya sauke su, ya ga jini ya malale a daɓen jirgin, ya sha mai, sannan ya sake juya hancin jirgin zuwa wurin, shi ya san komai. Tsakanin sawu da sawu yana da mintuna na natsuwa da zai yi tunanin matarsa da 'ya'yansa, kuma yana da hujjar da babu mai musu da ita idan ya ce ya isa, tunda kwamandan da ke ƙasa da kansa ya rufe filin. Sau da yawa aka ba Crandall wannan dama, kowane lokaci kuma ya koma.

Ƙasarsu ma ba ta yi hanzarin ba su cikakken haƙƙinsu ba. Sai a 2001 aka ba Freeman lambar yabo mafi girma ta sojan Amurka, shekara 36 bayan abin, Crandall kuwa sai a 2007.

"Ai aikinsu ne"

Wannan ita ce hujjar matashin majalisarmu, kuma ita ce mafi rauni. Gaskiya ne ana biyansu. Ana biyan ɗan kwana-kwana ma, amma idan gobara ta tashi a kasuwa, kowa ya san bambancin wanda ya tsaya a bakin ƙofa yana fesa ruwa da wanda ya kutsa cikin hayaƙi ya fito da yaro a kafaɗa. Albashinsu ɗaya ne a ƙarshen wata. Ungozomar da ta taso da tsakar dare cikin ruwan sama ta ƙetare rafi ita ma aikinta ne, amma babu matar da aka ceta da za ta ce ungozomar ba ta bin ta godiya.

Albashi yana sayen lokacin mutum da ƙwarewarsa. Babu umarnin da zai iya tilasta wa matuƙi ya ga fili a cikin hazo, ko ya ƙara daƙiƙa talatin a ƙasa don a jawo mutum na ƙarshe. Manjo Charles Kelly, kwamandan wata ƙaramar rundunar jiragen ɗaukar majinyata da ake kira Dustoff a rediyo, ya sauka kusa da Vinh Long a Biyetnam ta Kudu a ranar 1 ga Yuli, 1964. Sojojin da ke ƙasa suka yi ta gaya masa ta oba-oba cewa ya tashi, wuta ta yi yawa. Amsarsa, wadda mutanensa suka riƙe bayansa, ita ce zai tashi idan ya ɗauki masu rauninsu. Harsashi ɗaya ya shigo ya same shi a zuciya. Waɗanda ya je ceto su ne suka ba shi izinin tafiya, kuma babu dokar aiki da ta hana shi karɓar izinin.

"Ganganci ne, ba jarumta ba"

Wannan hujja ta fi ta farko ƙarfi, kuma na ji ta daga bakin masu hankali. Suna cewa: ina dabarar jefa mutum huɗu masu lafiya, waɗanda aka kashe dukiya mai yawa wajen horar da su, da jirgi mai tsada, don a ɗauko mutum biyu ko uku da ƙila ma ba za su rayu ba? Lissafin nasu ba wasa ba ne. Amurka ta yi amfani da jirage masu saukar ungulu kusan 12,000 a Biyetnam, fiye da 5,000 daga ciki sun salwanta.

Amsata tana da ɓangare biyu. Na farko, lokaci shi ne maganin mai rauni. Abin da ya fi kashe sojan da aka harba kafin ya kai asibiti shi ne zubar jini, kuma duk wanda ya taɓa raka mai haɗarin mota ko mace mai naƙuda daga ƙauye a kan hanya mara kwalta ya san abin da awa ɗaya ke yi. Jiragen Dustoff sun kwashe mutane kusan 900,000 a tsawon yaƙin, har da sojojin Biyetnam ta Kudu da fararen hula. A 2009, sakataren tsaron Amurka Robert Gates ya ba da umarnin cewa duk sojan da ya ji mummunan rauni a Afganistan a kai shi ga likitan tiyata cikin minti 60, kuma binciken da aka yi daga baya ya nuna mace-mace sun ragu. Wannan minti 60 ba ya samuwa sai da matuƙin da ya yarda ya tashi kafin wuta ta gama mutuwa.

Na biyu, akwai abin da ba ya shiga lissafi. Sojan da ya tabbata za a zo a ɗauke shi idan ya faɗi, tsayuwarsa daban ce da ta wanda ya san za a bar shi ga ungulu. Abin da dattijon majalisarmu yake nufi ke nan da ƙarar farfela.

Duk da haka na yarda cewa akwai iyaka. Akwai ranar da hikima ita ce a jira, kuma matuƙin da ya duba ya ga babu hanyar shiga ya juya, bai zama matsoraci ba. Amma idan aka duba waɗanda suka yi fice a wannan aiki, za a ga ƙwarewa ce ke ɗauke da ƙarfin halinsu. Manjo Patrick Brady, wanda ya yi aiki ƙarƙashin Kelly, ya fitar da masu rauni 51 a rana ɗaya, 6 ga Janairu, 1968, kusa da Chu Lai, da jirage uku a jere, har da sauka a filin da aka binne nakiyoyi. Ya iya shiga kwarin da hazo ya rufe ne saboda ya koyi karkata jirgin gefe, yana leƙa ƙasa ta taga, yana bin hanya a hankali. Michael Novosel yana da shekara 47, tsohon matuƙin jirgin bam tun Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da ya kwaso sojojin Biyetnam ta Kudu 29 a sawu 15 a ranar 2 ga Oktoba, 1969. Mai ganganci ba ya kai wannan shekaru a wannan sana'a.

"Me ya sa za mu yabi masu yaƙin zalunci?"

A nan ne nake ganin ya kamata a yi magana da gaskiya tsantsa. Ba na cikin masu ganin yaƙin Amurka a Biyetnam yaƙin adalci ne. Mutanen ƙasar da suka mutu sun kai miliyoyi, kuma sojan Biyetnam ta Arewa da aka harba a Ia Drang ba shi da jirgin da zai zo masa. Abokansa ne suka ɗauke shi a kafaɗa ko a raga, suka ratsa daji da shi kwana da kwanaki ƙarƙashin ruwan bama-bamai, kuma jarumtarsu ba ta gaza ta kowane matuƙi ba, illa dai ba a rubuta sunayensu yadda aka rubuta na waɗancan.

Haka nan a gida, wanda ya ce zuciyarsa ba ta sakewa da jirgin soja yana da dalili. Ba a manta da Rann ba, inda jirgin sojan sama ya jefa bam a sansanin 'yan gudun hijira a ranar 17 ga Janairu, 2017, aka rasa fiye da mutum 100. Ba a manta da Tudun Biri ba, inda jirgi mara matuƙi na sojan ƙasa ya faɗa wa masu Mauludi a ranar 3 ga Disamba, 2023. Duk wanda ya nemi a yi shiru a kan waɗannan da sunan girmama soja, ba na tare da shi.

Sai dai laifin wanda ya jefa bam ba ya goge aikin wanda ya sauka ya ɗauki mai rauni, kamar yadda aikin wannan ba ya wanke wancan. Mai yanke shawarar shiga yaƙi daban, yaron da aka harba a ciki daban, wanda ya je ɗauko yaron daban. Kuma tarihi ya nuna cewa irin wannan ƙarfin hali yana iya juyawa ya tsaya a gaban zalunci. A ranar 16 ga Maris, 1968, sojojin Amurka suka yi wa mutanen ƙauyen My Lai kisan gilla, mata da yara da tsofaffi, waɗanda gwamnatin Biyetnam ta ƙidaya su 504. Wani matuƙi, Hugh Thompson, ya ga abin daga sama. Ya sauke ƙaramin jirginsa tsakanin sojojin ƙasarsa da mutanen ƙauye da suke bi, ya umarci abokan aikinsa biyu, Lawrence Colburn da Glenn Andreotta, su shirya bindiga a kan 'yan uwansu idan suka harbi mutanen, ya kira wasu jirage aka kwashe su, sannan ya kai ƙara ga manyansa. Ya sha tsangwama a ƙasarsa saboda haka, kuma sai bayan shekara 30, a 1998, aka karrama shi. Abin da ya sa shi sauka a ranar shi ne abin da ya sa Kelly ƙin tashi: akwai mutum a ƙasa da zai mutu idan shi ya zauna a sama.

Chukuba

Na dawo kan jirgin Shiroro da aka ambata a majalisa. A tsakiyar Agustan 2023 'yan bindiga suka yi wa sojoji kwanton ɓauna a yankin Zungeru na jihar Neja. Ranar Litinin, 14 ga wata, jirgin sojan sama ƙirar Mi-171 ya sauka a filin makarantar firamare ta Zungeru, ya ɗauki gawawwaki da masu rauni, ya tashi zuwa Kaduna, sai ya faɗi kusa da ƙauyen Chukuba a ƙaramar hukumar Shiroro. Hedikwatar tsaro ta ce jimillar waɗanda aka rasa a kwanton ɓaunar da faɗuwar jirgin mutum 36 ne, kuma a cikin jirgin akwai gawa 14, masu rauni 7, matuƙa 2 da ma'aikatan jirgi 2. 'Yan bindiga sun yi iƙirarin su suka harbo shi, rundunar sojan sama kuma ta ce ta fara bincike.

A dubi waɗannan alƙaluma da kyau. Mutum huɗun ƙarshe ba sa cikin waɗanda aka yi wa kwanton ɓauna. Da safiyar ranar lafiyarsu ƙalau, suna nesa da wurin, sun san abin da ya faru a dajin kwana ɗaya kafin nan, sun san irin makaman da ke hannun masu dajin, kuma suka tashi suka tafi. Yawancin waɗanda suka ɗauko ma sun riga sun rasu, an ɗauko su ne don iyalansu su sami gawar da za su yi wa sutura. Duk wanda ya san abin da jana'iza take nufi a wurinmu, da raɗaɗin uwar da aka ce mata ɗanta ya mutu amma babu kabarin da za ta nuna, ba zai kira wannan tafiya ƙaramin aiki ba.

Hujja ɗaya ce ta rage, kuma ita ban da niyyar rushe ta, domin ina tare da masu ita. Suna cewa yawan yabon jarumai yana zama mayafin da shugabanni ke rufe gazawarsu da shi: a yi jawabi a maƙabarta, a sara wa tuta, a watse, ba a tambayi dalilin da ya sa aka kai ga haka ba. Wannan gaskiya ne, kuma shi ya sa na ce tun farko sanin haƙƙin matuƙi ya wuce yabon baki. Idan ƙasa ta karɓi irin wannan sadaukarwa daga hannun mutum, ta ɗauki bashi. Yana bin ta jirgin da aka duba lafiyarsa a kan kari da kayan gyara na gaske, da wani jirgi mai makami da zai raka shi idan za a shiga dajin da aka san akwai manyan bindigogi, da ma'aikacin jinya mai kayan tsayar da jini a bayansa, da asibitin da zai karɓi waɗanda ya ɗauko ba tare da jira ba. Idan jirgi ya faɗi, 'yan majalisar da ke amincewa da kasafin tsaro kowace shekara su nemi sakamakon bincike, a faɗa wa iyalai da jama'a abin da ya faru, don kada na gaba ya faɗi a kan kuskure iri ɗaya. Matar da aka bari da marayu kuma kada ta zama mai yawon ofis-ofis da fayil a hannu tana neman haƙƙin mijinta.

Kowace ranar 15 ga Janairu ana taruwa a Abuja da manyan biranen jihohi don tunawa da 'yan mazan jiya, a ajiye furanni, a saki tantabaru. Ina roƙon rundunar sojan sama da gwamnatocin jihohin da waɗannan matuƙa suka fito su sa a riƙa karanta sunayen ma'aikatan jiragen ceto da suka mutu a bakin aiki a wannan taro, da wurin da kowane ya faɗi da adadin mutanen da ke bayansa a cikin jirgi, a kuma fara da huɗun nan na Chukuba.